Yadda Ɗanmusa Ya Cire Juma'a

A shekarar da Turawa za su sauke tutarsu, babu wanda ya kai Ɗanmusa mai goro Turanci a duk faɗin Bagudo, in dai daga bakinsa za ka ji labarin. Rani guda ya taɓa yi a Kano yana tallar goro a ƙofar filin jirgin sama. Ya dawo gida da tabarau mai tsagaggen ido, da 'yan kalmomin da ya tsinta a bakin kukun Turawa, da kuma wata kalma guda wadda ya ce ita ce uwar Turanci duka. Turawa na cewa "take off", shi kuwa "tekof" yake kiranta. Duk sa'ad da jirgi ya ɗaga sama sai ya ji akawuna sun faɗe ta, saboda haka ya yanke hukunci cewa ma'anarta tashi, ya ɗaure wannan a ransa tamau.

Teburinsa na goro yana manne da rumfar Hamma wanzami, kuma kullum sai an yi.

"Hamma, kai ba ka san duniya ba," in ji Ɗanmusa. "Ni da nake ba matuƙan jirgin sama shawara. In ban ce tekof ba, jirgi ba ya motsawa."

"To, mi Turawa ka ce ma aska?" in ji Hamma yana wasa tasa a tafin hannu.

"Ba su da kalmar. Su gashinsu da kanshi yake zubewa."

Ana cikin haka sai ga Wakili Riskuwa, wakilin hakimi, yana neman tafinta. An aiko wani Bature injiniya, sabon zuwa, wanda duk Hausarsa ba ta wuce "sannu" ba. Zai haye Kwara ya je Illo, ya gina ginshiƙi na siminti a bakin iyakar Dahome, a kafa masa allo mai sunan sabuwar ƙasa, a buɗe shi ranar bikin mulkin kai. Wanda ya yi tafinta da kyau, in ji Wakili, shi za a ba aikin tafinta a sabon ofishin kwastan, da kaki da keke.

An fara tuntuɓar Malam Bunyaminu, malamin makaranta, wanda ya yi karatun Turanci na gaske a Birnin Kebbi. Ya ce zai ƙoƙarta gwargwadon iko, sai dai an ɗora masa koya wa 'yan makarantar Illo maci. Ɗanmusa kuwa ya gyara tabarau ya ce, "Ranka ya daɗe, ƙoƙari na wanda bai iya ba ne. Ni in na yi mafarki ma da Turanci nake yi." Wakili ya ji wannan ta fi daɗin ji, ya ɗauke shi nan take, har ya je gaban hakimi ya rantse ya samo gwani.

Tun kafin rana ta faɗi Ɗanmusa ya kyautar da teburinsa ga wani maƙwabci, ya ce ma'aikacin gwamnati ba ya zama da ganyen goro. Matarsa Sabuwa, mai suyar kifi, ta tare shi a tsakar gida da ludayi a hannu.

"Malam, an ce ka ba da tebur. Mi za mu ci?"

"Biskit," in ji shi.

"Ni dai zan ɗauki kaskona in bi ku Illo. In biskit ɗin bai zo ba, a samu kifi."

Hamma ma ya naɗe zabirarsa ya ce zai bi. Ya ce ko bai yi aski ko ɗaya ba, ba zai yarda a ba shi labarin wannan tafiya ba.

Baturen dogo ne, siriri, lofe ba ya barin bakinsa, don haka tun a ranar farko aka sa masa suna Mai Lofe. Aka taru a bakin Kwara da hantsi. Ƙarshen damina ne, ruwa ya cika ya batse. Sarkawa masu fito suka yi ta loda buhunan siminti a babban jirginsu har bakinsa ya kusa shan ruwa. Mai Lofe ya sa ƙafa ɗaya a jirgi, ɗaya tana kan gaɓa, ya dubi lodin bai gamsu ba. Ya nuna wani akwatin ƙarfe da ke can bisa, ya ce, "Take off that box!"

Zuciyar Ɗanmusa ta yi fari. Kalmar farko da ta fito daga bakin Bature ita ce tasa ta gado. Ya buɗe murya yadda har masu wanki a can nesa sai da suka waiwayo.

"Ya ce ku tashi! Ku tashi kamar jirgin sama!"

Sarkawa ba su san wasa da umarni ba. Suka kafa gora a laka suka tunkuɗa da ƙarfin gaske. Jirgi ya yi gaba da ƙafar Bature guda, gaɓa ta riƙe guda. Ƙafafun suka yi ta nisa da juna, suka yi ta nisa, har abin ya fi ƙarfin wandonsa, aka ji ƙyat, sai ga shi zaune daɓas cikin laka, ruwa har ƙirji, lofe na nan a baki yana hayaƙi. Hular kwanonsa ta kama hanyar Yawuri ita kaɗai.

"Lalle ya tashi," in ji Hamma. "Sai dai ƙasa ya nufa."

Malam Bunyaminu, wanda ke jiran jirgi na biyu da damin tutocin 'yan makaranta, ya jawo Ɗanmusa gefe. "Ɗanmusa, wagga kalma fuska gare ta da yawa. A nan cewa ya yi a cire akwatin can, a sauke shi, lodi ya yi yawa. Ban da wannan kuma tana..."

"Cirewa! Ai na sani. Gwada Sarkawan nan na yi in ga ko suna da hankali."

"Tsaya ka ji sauran."

"Malam, ka ji da yaranka."

Da Wakili ya tsare shi da ido, Ɗanmusa ya rage murya ya ce, "Ranka ya daɗe, lofen ne. Kalma in ta biyo ta gefen lofe, a karkace take fitowa." Wakili ya dubi lofen, ya ga lalle a karkace yake, ya ƙyale shi.

A Illo abubuwa suka yi sauƙi, domin Mai Lofe ya koyi darasi, ya koma magana da hannu. In yana son ruwa ya nuna ruwa, in yana son yashi ya nuna yashi. Ɗanmusa na biye da shi da fensir a bayan kunne, duk abin da Bature ya nuna sai ya faɗi sunansa da Hausa da ƙarfi, kamar leburorin makafi ne. Da maraice kuma ya zauna a kasuwa yana ba da labarin yadda Bature ba ya iya kurɓar shayi sai ya tambaye shi.

Ranar Alhamis da la'asar aiki ya ƙare. Ginshiƙi ya tsaya, an kafa allo, an lulluɓe shi da farin ƙyalle, sai jiran Asabar, ranar biki. Aka dawo Illo da leburori a babbar motar aiki. Mai Lofe ya ji daɗin aikinsu, ya tara su a bakin kasuwa, ya yi murmushi ya ce, "Good work. Take tomorrow off."

Ɗanmusa ya lissafa a ransa. Tumoro dai gobe ce, wannan ya sani tun Kano. Tekof kuwa, an gaya masa a bakin Kwara, cirewa ce. Ya hau kan wata tsohuwar ganga ta man mota, ya gyara murya.

"Jama'a, ku saurara. Bature ya ce an cire gobe."

Wani lebura ya ce, "An cire ta zuwa ina?"

"An cire ta dai. Daga yau Alhamis sai Asabar. In kun kwanta yau, jibi za ku farka."

"Don mi?"

"Don mulkin kai ya zo da wuri mana. Ku kam ba ku san gwamnati ba."

Kafin ya sauko daga ganga magana ta zagaye kasuwa. Wata mai ƙosai ta zo tana cewa ita ta riga ta jiƙa waken gobe, wa zai biya ta? Wani magidanci ya ratso taro gumi na zuba.

"Tafinta, matata ta haihu, gobe suna. Na sayi rago. Yaya ke nan?"

"Ka yi haƙuri, ranar sunan ɗanka na cikin abin da aka cire. Ka jira wata gwamnati."

Wasu fatake 'yan Dendi da suka zo da gishiri suka tambaya ko can Dahome akwai gobe. Ɗanmusa ya yi tunani irin na manya, ya ce, "Su can sun riga sun karɓi mulkin kansu, gobensu na hannunsu." Nan da nan mai rago ya ce to shi can zai kai matarsa da jariri a raɗa suna. Mai ƙosai ta ce a jira ta ta ɗauko kasko. Hamma ya bi layi yana shela cewa duk mai son askin Juma'a ya zo yau, don ba a san ranar da za a dawo da ita ba, kuma a yinin nan ya yi askin da bai yi ba tun da ya zo Illo.

Kalmar Juma'a ce ta kai zancen kunnen Liman. Dattijon ya ɗauki sandarsa, dattawan gari na biye, bayansu rabin kasuwa, suka nufi barikin da aka sauki Bature. Ya sa aka kira Ɗanmusa gabansa.

"Ranar da Allah Ya halitta babu mahalukin da ya isa ya cire ta, wannan ban zo tambaya ba," in ji Liman. "Na zo in ga bakin da ya furta. Nashi ne ko naka?"

"Nashi ne, Allah gafarta Malam. Ni bututu ne kawai."

"To bututu, gaya mishi su da ke shirin tafiya, su tafi da kayansu. Juma'a ba da ita suka zo ba."

Mai Lofe na zaune a kujerar zane yana shan shayi. Da ya ga taro ya ɗauka godiya aka zo yi masa, ya miƙe yana ɗaga hannu yana cewa "sannu, sannu". Ɗanmusa ya matsa, ya ƙame, ya ce, "Sa, fiful se no tekof."

Bature ya cire lofe daga baki, abin da ba a taɓa gani ba. Ya dubi wannan taro na mutanen da, a fahimtarsa, suka yi zuga don ƙin hutu. Allah Ya sa Malam Bunyaminu na wucewa da yaransa daga wurin maci. Ya yi magana da Bature kaɗan, sannan ya juyo yana danne dariya.

"Allah gafarta Malam, cewa ya yi leburori sun yi ƙoƙari, gobe su huta. In an sa rana a tsakiyar kalmar nan, hutu ake nufi."

"Abin da na ce ke nan!" in ji Ɗanmusa. "An cire aikin gobe. Hayaniya ce ta hana ku jin ƙarshen maganar."

Liman ya daɗe yana kallonsa. "Gobe ka zo masallaci da wuri," ya ce. "Ka zauna sahun gaba, inda zan gan ka, don ka tabbatar da idonka tana nan."

Sai da aka aika mai doki ya dawo da mai rago daga hanyar Dahome. Wakili Riskuwa kuwa ya ja Ɗanmusa bayan bariki ya ce saura kuskure ɗaya ya sa dogarai su zane shi. Da zai iya da ya kore shi a ranar, amma ya tuna rantsuwar da ya yi gaban hakimi, ya ga korar Ɗanmusa daidai take da kiran kansa maƙaryaci.

Asabar ta zo. Tun da sassafe mata masu abinci da makaɗa da 'yan kallo suka kama hanyar iyaka a ƙasa. Manya kuwa a mota za su tafi, don su isa da kwarjini gaban baƙin Dahome. Mai Lofe ya fito cikin farin kaki mai guga, ya kira Ɗanmusa, ya nuna motar, ya yi magana a hankali kamar mai koya wa yaro: "Tell the driver we take off soon."

Ɗanmusa ya yi murmushin wanda ba a yaudara sau uku. Ya sami direba Yero yana goge gilashi.

"Yero, Bature ya ce kai da motarka ku huta."

"Yau? Ranar biki?"

"Kai ka ji Turanci ko ni? Tekof ya ce. Hutu."

Yero dama amarya gare shi a wani ƙauye can gaba, kuma rabonsa da ita tun da aka fara aikin nan. Bai sake tambaya ba. Lokacin da Wakili da dattawa suka fito cikin manyan riguna, ƙurar motar ma ta kwanta.

Dokin Wakili ɗaya ne a wurin. Sauran duk sai jakunan fataken gishiri. Aka zaɓa wa Mai Lofe wanda ya fi tsayi, amma duk da haka ƙafafunsa na jan ƙasa, har ba a iya cewa jakin ke ɗauke da shi ko shi ke tafiya da jaki tsakanin ƙafafu. Gishirin da ya rage a bayan jakin ya haɗu da gumi ya yi wa farin kakin zane. Duk hanya, lokaci lokaci sai Wakili ya waiwayo ya dubi Ɗanmusa, ya dubi bulalar dokinsa.

Suka cim ma Malam Bunyaminu da 'yan makaranta a hanya. Wannan karon Ɗanmusa ne ya je da kansa, ya rage murya.

"Malam, don Allah, wannan kalma guda ce ko garke?"

"Yau kam tashi ce, wadda ka sani tun Kano. Cewa ya yi a gaya wa direba an kusa tashi."

"To ni da na ce tashi a bakin Kwara aka ce ban iya ba!"

"Can akwai akwati a bayanta. Ka ji yadda abin yake. In ta tsaya ita kaɗai, tashi ce. In an ambaci rana, hutu ne. In an ambaci kaya, riga ko takalmi ko hula ko wani abin da aka ɗora, to cirewa ce. Amma abin da ya fi muhimmanci, kafin ka buɗe baki ka tsaya ka..."

"Ya isa, Malam. Kaya, cirewa. Ai dama haka na koya wa matuƙan jirgi."

A bakin iyaka jama'a sun yi dafifi. Ga ginshiƙi a tsakiya cikin farin lulluɓinsa. Gefe guda an jera kujerun manya, har da baƙin Dahome cikin tabarau. Can gaba kaɗan ga sandar da aka gitta a hanya, wadda ta raba ƙasashen biyu, wani jandarma, ɗan sandan Dahome, mai jan hula na tsaye a bayanta. A bayan ginshiƙin kuwa mata masu abinci ne suka yi layi, kowacce cikin sabon zanen biki mai kore da fari, wanda suka yi watanni suna tanadi. Sabuwa na gaba da ludayinta, kusa da ita Jummai mai fura, mace mai jiki da murya, wadda ko mahautan Illo ba su ja da ita.

Aka miƙa wa Ɗanmusa bututun magana na kwano. Da ya ji muryarsa ta fita ta cikinsa kamar ta bijimin sa, duk wahalar hanya ta bar shi. Mai Lofe ya yi dogon jawabi, Ɗanmusa ya ce, "Ya ce sannunku." Mai Lofe ya yi tari, Ɗanmusa ya ce, "Ya ce a duk ƙasashen da ya zaga bai ga gari mai albarka da tafinta irin wannan ba." Aka tafa. Ya saci kallon Wakili ya ga fuskarsa ta ɗan saki. Ya fara jin sirdin keke a ƙarƙashinsa.

Sai Mai Lofe ya juya, ya miƙa dogon hannunsa wajen ginshiƙi, ya ɗaga murya: "And now, take off the cloth!"

Ɗanmusa ya natsu ya bi ƙa'ida. Akwai kaya a bayan kalma, saboda haka cirewa ce. Kilot kuwa zane ne, kukun Kano ya sha aikensa wurin mai wanki. Ya bi yatsan Bature da ido. Yatsan ya tsallake ginshiƙi a ganinsa, ya sauka daidai kan layin mata. Ya sauke bututu. Amma ya tuna zanen kore ne da fari, launin sabuwar tuta, ya ce a ransa wataƙila tutoci ne suka yi wa gwamnati ƙaranci. Ya ɗaga bututu.

"Mata! Bature ya ce ku tuɓe zannuwanku!"

Makaɗi ya tsaya da gula a sama. Wani dattijo ya ce innalillahi. Baƙin Dahome suka tambayi juna abin da aka ce, wanda ya ji Hausa a cikinsu ya gaya musu, suka cire tabarau.

"Malam," in ji Sabuwa, muryarta a kwance, "maimaita."

"Umarnin gwamnati ne, Sabuwa. Ki ba da misali, ke matar ma'aikaci ce."

Jummai ta ajiye ƙwaryar fura a hankali. Ta ƙara ɗaure zanenta a ƙugu, ta ɗauki muciya. "Yau ko ranar da aka ce mun samu 'yanci," ta ce. "To bari mu fara da wanga dogon."

Layin mata ya taso gaba ɗaya, ludayi da muciya da matsamin ƙosai a sama, suka nufi Mai Lofe. Shi kuwa bawan Allah yana ta murmushi, ya ɗauka rawa ce aka shirya masa, har ya fara kaɗa kai. Malam Bunyaminu ya yar da tutar da ke hannunsa ya sheƙo a guje, ya shiga tsakani hannuwa a sama.

"Ku tsaya! Ba ku ya ce ba! Ƙyallen ginshiƙi ya ce a cire! Ƙyallen can!"

Matan suka tsaya. Suka dubi ƙyallen. Suka dubi Bature. Sannan kawunansu suka juya a tare, a hankali, wajen mai bututu.

"Lofen ne," in ji Ɗanmusa ta cikin bututu.

Ludayin Sabuwa ne ya fara isa, ya sami bututun ya yi ƙara kamar an buga ƙararrawar makaranta. Ɗanmusa ya zagaya ginshiƙi, mata suka zagaya. Ya sake zagayawa, muciyar Jummai ta gaishe shi a gadon baya. Da ya ga babu mafaka sai ya cafki farin ƙyallen ya fizgo ya rufa a ka. Allo ya bayyana, sunan ƙasa na ƙyalli a rana. Mai Lofe, wanda ya ga a ƙarshe an yi abin da ya ce, ya hau tafi. Makaɗa suka ga Bature na tafi suka saki ganga, 'yan makaranta suka ɗauki waƙa, baƙin Dahome suka miƙe tsaye don girmamawa. A cikin wannan kiɗa da waƙa tafinta ya ratsa tsakiyar fili lulluɓe da farin ƙyalle, ba ya ganin gabansa, mata na bin sa. Ya ture kujerar wani dattijo, ya taka ƙwaryar fura, ya yi karo da jakin Bature, ya tashi, ya sunkuya ta ƙarƙashin sandar iyaka ya faɗa Dahome da rarrafe.

Matan suka ja birki a bakin sanda. Jandarma ya damƙi wuyan rigarsa ya ɗaga shi tsaye, ya yaye ƙyallen, ya dubi wannan mutum mai fura a ƙafa da tabarau rataye a kunne guda.

Wakili Riskuwa ya iso bakin sandar bisa doki, jama'a na bayansa, wasu na riƙe da ciki don dariya. "Ɗanmusa," ya ce, "kaki da keke sun wuce ka. In ka kuma furta kalmar Turanci guda a ƙasar hakimi, da kaina zan zane ka."

"Ranka ya daɗe, ai ni na buɗe ginshiƙin."

"Mushe," in ji Sabuwa, yadda ta ji 'yan Dahome na kiran ma'aikatansu, tana nuna jandarma da ludayi, "ku riƙe shi nan wurinku har ya koyi Hausa."

Jandarma bai ji ko ɗaya ba. Ya girgiza Ɗanmusa, ya zazzaga masa Faransanci mai tsawo, yana nuna sanda, yana nuna ƙyalle, yana nuna kansa da yatsa yana murzawa. Da ya gama, Hamma ya jingina da sandar, ya leƙo.

"To, tafinta, mi yac ce?"

Ɗanmusa ya mayar da tabarau bisa hanci, ya gyara wuyan riga gwargwadon yadda hannun jandarma ya bari, ya dubi mutanen Nijeriya daga ƙasar waje.

"Ya ce tun da yake aiki a iyakar nan bai taɓa ganin mutum irina ba."

"Alhamdu lillahi," in ji Hamma. "Jama'a ku shaida, yau kam ya fassara daidai."